Farin abu ya ƙi barin bakina, ko magani ne ya daina yi mini aiki?

Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce a Zariya, shekaruna 47, ina sana'ar ɗinki a gida. Tun farkon hunturun da ya wuce wani farin abu ke fito mini a harshe da cikin kumatu, kamar gudajin kindirmo. In na goge sai wurin ya yi ja, wani lokaci har da ɗan jini. Yaji ba ya ciwuwa, abinci duk ya zama lami a bakina. Mai kemis ɗin unguwarmu ya ba ni ƙwaya ɗaya ta Fluconazole 150, na sha ya lafa, bayan sati uku ya dawo. Sau huɗu ke nan muna haka. Na je asibiti aka ba ni Nystatin na ruwa, na sha kwana huɗu, da na ga ya washe na ajiye. Ƙanwata ta kai ni lab aka goga auduga a bakina, takarda ta fito wai har yanzu akwai Candida. Yanzu ga shi ya sake fitowa. Ina da asma, tun watan Nuwamba aka ƙara mini abin shaƙa mai ruwan ƙasa safe da dare, in tari ya taso kuma ina sayen Ampiclox. Kwanan nan ina yawan jin ƙishirwa, ina tashi fitsari sau uku da dare, amma na ɗauka zafi ne. Abokiyar zamana ta ware mini kofi da cokali, ta hana yaranta cin abinci da ni. Wata maƙwabciya ta ce irin wannan masu cutar nan ke yi. Wallahi ba na barci. Maganin ne ya daina aiki a jikina, ko abin da ake faɗa ne?

Wata baiwar Allah daga Zariya

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Sannu da jiki, Allah Ya ba ki lafiya. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kofin nan da aka ware miki a gidanki. Zan zo kansa. Amma bari in fara da tambayarki ta farko, don ki samu ki ɗan runtsa yau: a yadda kika ba da labari, da wuya a ce maganin ya daina aiki. Har yau ba ki sha shi yadda ake shansa ba ko sau ɗaya, sannan a cikin wasiƙar taki na ƙirga abubuwa uku da ke ciyar da wannan farin abin, babu ko ɗaya da aka taɓa.

Abin da ke bakinki wani nau'in yis ne, sunansa kandida, shi ne kika gani a takarda an rubuta Candida. Dangin yis ɗin da ake kwaɓa fanke da burodi da shi ne, amma jinsinsu daban, don haka kada ki ɗora wa burodi laifi. Wannan yis ba baƙo ba ne a jikin ɗan Adam. In aka tara manya masu ƙoshin lafiya aka goga auduga a bakinsu, za a same shi a wajen kusan ɗaya cikin uku zuwa rabinsu, ba tare da ko ɗayansu na jin komai ba. Yana nan a baki, yana nan a hanji, yana nan a gaban mata da yawa. Abin da ke hana shi ɗaga kai shi ne miyau da ke wanke baki dare da rana, da ɗimbin ƙwayoyin bakteriya marasa cutarwa da suke zaune tare da shi suna cinye masa abinci suna tare masa wuri, sai kuma garkuwar jiki. Ranar da ɗayan waɗannan ya yi rauni sai ya yaɗu, ya fitar da wasu zarurruka masu kama fatar baki, shi ne farin da kike gani da jan da ke ƙarƙashinsa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan ma ƙadangaren yana cikin gida tun asali.

Wannan ya kawo mu ga takardar lab da ta tayar miki da hankali. An ɗauki gwajin a lokacin da bakinki ya washe, aka ga kandida, sai kika ɗauka magani ya kasa. Maganin ba ya share yis daga baki kakaf, kuma ba a sa ran ya yi haka. Yana rage yawansa ne har ya koma matsayin ɗan zaman lafiya. Da ƙanwar taki ta miƙa nata bakin a ranar, ba abin mamaki ba ne ita ma a rubuto mata irin wannan sakamakon. Abin da likita ke dubawa shi ne bakin kansa: akwai farin, akwai ja, akwai raɗaɗi? In babu, ba a ba da magani don takarda kawai.

To, batun kofi. Ki gaya wa abokiyar zamanki, ko ki ba maigida wannan amsa ya karanta mata, cewa wannan ba irin ciwon da ke bin gida ta kofi da cokali ba ne. Yis ɗin kan iya wucewa daga baki zuwa baki, amma a bakin mai lafiya ba ya zama ciwo, kuma akwai yiwuwar tuni yana bakin wasu daga cikin mutanen gidan tun kafin naki ya fito. Inda ake kula sosai shi ne tsakanin jariri da nonon uwarsa, don su kan riƙa mayar wa juna, sai a yi musu magani tare. Wanke kwano da sabulu kamar kullum ya wadatar. Ba na ganin ta da mugun nufi, uwa ce ta ji tsoro, amma tsoron ba shi da tushe, kuma ware mace da kofinta a gidan aurenta ciwo ne na daban da bai kamata a ƙara miki ba.

Mu duba tsagar bangon. Ta farko ita ce abin shaƙan da aka ƙara miki. Ki lura, a Nuwamba kika fara shi, a farkon hunturu farin ya fito. Abin shaƙa na asma iri biyu ne. Akwai mai buɗe ƙirji nan take in numfashi ya sarƙe, irin Ventolin, wannan ba ruwansa. Akwai kuma na kullum mai hana kumburin hanyar iska, wanda ke ɗauke da sinadarin sitiroyid. Ki duba jikin naki, in kin ga an rubuta beclometasone ko budesonide ko fluticasone, to shi ne. Duk lokacin da kika fesa, wani kaso mai yawa na maganin ba ya kaiwa huhu, a harshe da ganɗa da maƙogwaro yake sauka. A nan yake kwana, yana danne garkuwar wurin, yis kuma ya samu fili. Wannan sanannen abu ne, har a takardar da ke cikin kwalin an rubuta shi.

Ina roƙonki kada ki ji haka ki ajiye abin shaƙan. Farin baki yana da zafi, amma asma tana kashewa, kuma maganin nan shi ke tsare ki daga tashin da ke kai mutum asibiti tsakar dare. Gyaran mai sauƙi ne. Duk bayan shaƙa ki guntsi ruwa ki kurkure bakinki sosai, ki ɗaga kai ki gargaza shi a maƙogwaro, ki tofar, sau biyu. Kada ki haɗiye. Hanya mafi sauƙin tunawa ita ce ki ajiye abin shaƙan kusa da burushinki ko asuwaki, ki shaƙa sannan ki goge haƙori, da asuba da kuma kafin kwanciya. In naki irin na fesawa ne, ki nemi robar nan mai kama da gora da ake soka shi a gindinta a shaƙa ta ɗaya bakin. Ita ke riƙe manyan ɗigon maganin, ƙananan su wuce huhu. Ki ce wa likitanki ya nuna miki yadda ake amfani da ita, kuma ki fesa a gabansa ya gani, domin mutane da yawa sun shekara suna fesa wa harshensu magani ba su sani ba. In asmar ta kwanta sosai, shi zai duba ko za a iya rage ƙarfin maganin.

Tsaga ta biyu Ampiclox. Shi da sauran antibayotik bakteriya suke kashewa, ba sa taɓa yis ko kaɗan. Duk lokacin da kika sha, kin kore maƙwabtan da ke tare masa wuri, kin bar shi shi kaɗai a fili. Ga shi kuma tarin asma da na ƙurar hunturu ba antibayotik ke maganinsa ba. Ki bar sayensa sai likita ya duba ƙirjinki ya rubuta.

Ta uku ce ta fi damuna, ita ce kika ambata a gurguje kamar ba komai. Mace mai shekara 47, ga ƙishirwa, ga tashi fitsari sau uku da dare, ga yis da ya ƙi barin baki: sai an auna sukarinki. Ba na cewa kina da ciwon suga, awo ne zai faɗa. Amma na ga mata da dama da farin baki ko ƙaiƙayin gaba mai yawan dawowa ne ya fara tona ciwon sugan da ya daɗe a jikinsu. In suga ya hau a jini yana hawa a miyau, abincin yis ke nan. Yawan fitsari yana busar da baki, miyan da ke wanke shi ya ragu. Ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta su ma ba sa kuzari a cikin jini mai suga. Mai irin wannan ko buhun magani ta sha, bayan 'yan makonni abin zai dawo, kamar yadda naki ke yi. Ki je da safe kafin ki karya, ba ki ci komai ba na aƙalla awa 8, ruwa kawai. In awon ya kai 126 ko sama, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin, za a maimaita don a tabbatar. Akwai kuma gwajin da ake kira HbA1c mai nuna yadda sugan ya kasance a watanni biyu zuwa uku da suka wuce, shi 6.5 ne iyakarsa. Kada ki bari satin nan ya fita ba ki yi ba.

Maganar maƙwabciyarki kuma ba zan kauce mata ba, tunda ita ke hana ki barci. Gaskiya ne farin baki mai naci yana cikin alamomin da ake gani a masu cuta mai karya garkuwar jiki. Haka nan gaskiya ne ana ganinsa a jarirai lafiyayyu, da masu asma, da masu suga, da tsofaffi masu haƙoran roba, da wanda ya gama shan antibayotik. Ba a gane ƙanjamau da ido, kuma ita ba ta da hurumin yanke miki hukunci. Duk babban da wannan abu ke yawan dawo masa, ƙa'ida ce a yi masa gwajin, ko malamin unguwa ne, ba don ana zarginsa ba. Ɗigon jini ne daga yatsa, kafin rabin awa an ba ki sakamako, kuma sirri ne tsakaninki da ma'aikacin. In babu, kin sauke dutsen da kika ɗora wa ƙirjinki. In ma akwai, yau ana shan magani a rayu shekaru masu yawa cikin ƙoshin lafiya, kuma da garkuwar ta farfaɗo farin bakin ke ɗaukewa. Ki haɗa shi da na suga rana ɗaya, ki ce a duba miki yawan jini ma, don ƙarancin jini yana taimaka wa yis.

Tambaya ɗaya da ba ki amsa ba a wasiƙar, ki amsa wa likita tsakani da Allah: kina shan prednisolone ko dexamethasone daga kemis in ƙirji ya riƙe? Ko ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe? Yawancinsu sitiroyid ne, suna raunana garkuwa, suna kuma tayar da suga. In kin daɗe kina sha kada ki yanke lokaci guda, hakan na da haɗari, likita ne zai janye miki a hankali.

Yanzu ga magungunan da kika sha. Tunda ke tela ce, ki ɗauka kowace ƙwayar yis tana sanye da riga, in babu rigar ba za ta rayu ba. Nistatin yage rigar yake yi, abin cikin ya tsiyaye, ƙwayar ta mutu. Amma sai ya taɓa ta. Hanji ba ya tsotse shi zuwa jini, don haka in kika kurɓa kika haɗiye nan take kamar maganin tari, ya wuce wurin aikinsa. Ga yadda ake yi. Ki gama cin abinci, ki kurkure baki. Ki girgiza kwalbar, ki auna adadin da aka rubuta miki. Ki zuba rabi a kuncin dama, rabi a na hagu, ki riƙa juya shi da harshe yana bin dasashi da ganɗa da ƙarƙashin harshe, ki riƙe shi gwargwadon iyawarki, ko da minti biyu ne, sannan ki haɗiye. Bayan nan ba ci ba sha na rabin awa. Sau huɗu a rana, kwana 7 zuwa 14, kuma ko bakin ya washe sai kin ƙara aƙalla kwana biyu. Ke a kwana na huɗu kika ajiye, an kashe maciji ba a sare kansa ba. Tsohon magani ne, wasu mata biyu masu bincike a hukumar lafiya ta jihar New York, Elizabeth Hazen da Rachel Brown, suka gano shi a 1950, kuma duk da tsufansa da wuya a samu kandidar baki da ta gagare shi. Na ruwan yana da suga a ciki, saboda haka ki kula da goge haƙori.

Fulukonazol aikinsa daban. Shi ɓoye wa tela zare yake yi: yana hana yis haɗa sinadarin da yake ɗinka rigar da shi. Ƙwayar ba ta mutuwa nan take, hayayyafa take dainawa, sai garkuwar jiki ta ƙarasa aikin. Shi ya sa yake buƙatar kwanaki. Ƙwaya ɗaya ta 150 da mai kemis ya ba ki, tsarin maganin yis na gaban mace ne. Takan yi 'yan kwanaki a jini, abin ya lafa, ki ga kamar an warke. Na baki kullum ake sha, kwana 7 zuwa 14, kuma ƙa'idar da ƙungiyar likitocin cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka ta fitar a 2016 ta sa miligiram 100 zuwa 200 a rana ga wanda nasa ya yi tsanani. Ban faɗi wannan don ki je ki saya ba. Fulukonazol yana karo da magunguna da yawa. In aka haɗa shi da glibenclamide na masu suga, sugan na iya faɗuwa warwas. Yana ƙara ƙarfin warfarin mai tsinka jini har mutum ya yi ta zubar jini, yana taɓa wasu magungunan farfaɗiya, kuma mai ciki ko mai tsammanin ciki ba ta shansa sai da izinin likita. Man mikonazol da ake shafawa a baki shi ma yana da wannan matsalar da warfarin da magungunan suga. Ki bari wanda ya ga sakamakon gwajinki ya zaɓa miki.

Shin yis na iya gagarar magani da gaske? Yana iyawa, kuma hanyar da kike bi ita ce ke koya masa. In ana ba shi fulukonazol kaɗan-kaɗan, yau a sha gobe a bari, wata da watanni, masu rauni su ke mutuwa, masu taurin kai su rage su hayayyafa. Wasu ma sukan ƙware wajen tofar da maganin daga jikinsu kafin ya yi aiki. Ban da haka, kandida jinsi-jinsi ce. Wadda ta fi yawa a baki ita ce Candida albicans, kuma galibi tana jin fulukonazol. Akwai Candida glabrata da ba ta jinsa sosai, akwai Candida krusei da tun asali ba ya yi mata komai, kuma yawan shan maganin yana share wa waɗannan fili. Abin ya kai a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ire-iren waɗannan ƙwayoyi 19 da ta ce a sa musu ido, har da albicans ɗin a sahun farko. An fi ganin gagarar a wajen waɗanda garkuwarsu ta yi ƙasa sosai kuma suka daɗe a kan maganin. Ke da ƙwaya huɗu kika sha, ban sa ran kin kai nan ba. Amma in kin yi cikakken magani na sati biyu yadda aka tsara, kina kurkure baki, an duba suga, farin kuma yana nan bai motsa ba, lokacin ne auduga ke da amfani. Ki nemi a tura ki babban asibiti, irin asibitin koyarwa na Shika da ke kusa da ke, a gano jinsin da kuma maganin da yake ji. Akwai wasu magungunan, irin itrakonazol na ruwa, da ake komawa gare su.

Kafin nan, ki tausaya wa bakin. Kada ki kankare farin da cokali ko ki dirje shi da tsumma, rauni kike ƙarawa. Kada ki sa kanwa ko alif, ƙona fatar suke yi. Ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ki kurkure ki tofar, yana rage raɗaɗi ko da yake ba ya warkarwa. Ki sauya burushi mai laushi, ki yawaita shan ruwa, ki rage lemon kwalba da alewa da shayi mai suga. In kina da haƙorin roba ko da guda ɗaya ne, ki cire shi da dare ki wanke, domin yis yana yin shimfiɗa a jikinsa wadda magani ba ya ratsawa da sauƙi.

Abu biyu ba sa jiran sati. In kika fara jin zafi wajen haɗiya, ko abinci na tsaya miki a ƙirji, yana iya yiwuwa yis ya gangara hanyar abinci, wannan nistatin ba ya isa, ki je asibiti ranar. Haka in kika ga wani farin tabo da ba ya gogewa, ko gyambo a harshe ko kunci da ya haura sati biyu bai warke ba, ko rama ba dalili, a kai wa likitan haƙori ko na maƙogwaro ya gani da idonsa, don ba kowane fari a baki ne kandida ba.

Ranar da za ki je, ki fita da azumin safe saboda awon suga. Ki zuba duk magungunan da ke ɗakinki a leda ɗaya, abin shaƙa biyun, ragowar nistatin, kwalin fulukonazol, Ampiclox, har da na gargajiya in akwai, ki juye su a teburin likita. Ki ce masa sau biyar ke nan cikin 'yan watanni, ki ambaci ƙishirwar da fitsarin dare da bakinki. In ƙanwar nan taki za ta raka ki, ya fi. Ki sake rubuto mini da lambar da awon sugan ya nuna, da sunan da ke jikin abin shaƙan. Allah Ya sawwaƙe, Ya sa kaffara ne.